A Bar Mai Munduwa Da Munduwarsa

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ta jawo gardama mai tsawo. Mutum, namiji ko mace, ya kan sa munduwar ƙarfe a hannu, an zana mata sunan wani soja wanda ya ɓace a wurin yaƙi, da muƙaminsa, da ranar da ya ɓace. Galibi mai munduwar bai taɓa ganin mai sunan ba, ba su haɗa uwa ko uba ba, watakila ma ko sunan garinsu bai sani ba. Duk da haka ya kan yi alkawari ba zai tuɓe ta ba sai ran da mai sunan ya komo gida, ko da ƙafarsa ko a cikin akwati. Akwai waɗanda suka sa ta tun suna 'yan makaranta, suka yi aure, suka yi jikoki, munduwa tana nan a hannu.

Masu ganin kansu wayayyu sun daɗe suna yi wa wannan al'ada dariya. Cewa su ke yi ƙarfe ba ya ta da matacce, wanda kuma ya shekara hamsin bai komo ba ai ba mai komowa ba ne. Waɗansu masana tarihi kuwa sun ce abin ya wuce wauta, dabara ce ta 'yan siyasa. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, za a kuwa kawo ta duka ba ragi. Amma hukuncin da suka yanke bai yi daidai ba. Mai munduwa ya fi su gaskiya, dalili kuwa shi ne hukuma da adadi ta ke aiki, shi kuwa suna ya riƙe. Adadi a kan iya gyara shi da alƙalami a rufe littafi, amma suna in an kira shi sai an amsa.

Kafin a shiga gardamar ya kamata mai karatu ya san asalin abin. Daga shekarar 1965 Amurka ta shiga yaƙin Biyetnam gadan-gadan, jiragenta suna ta ruwan bom a kan Biyetnam ta Arewa da maƙwabciyarta Lawos. Sojan ƙasa in ya faɗi, galibi 'yan'uwansa suna kusa, su kan ɗauke shi. Sojan sama ba haka ya ke ba. Shi kaɗai ne cikin jirginsa, ko su biyu, can tsakiyar ƙasar abokan gaba, jirgin kuwa yana gudun ɗaruruwan mil a awa guda. In aka harbo shi, ko dai ya diro da laima a kama shi, ko ya faɗa teku, ko jirgin ya daki dutse ya tarwatse cikin ƙungurmin daji. Sau da yawa abokan tafiyarsa ba abin da su ke gani sai wuta da hayaƙi. Su koma sansani su ce ba su ga laima ta buɗe ba, amma ba za su rantse ba. Sai akawu ya rubuta a littafi: ya ɓace.

Wannan kalma ta fi mutuwa nauyi a wurin iyali. Wanda ya mutu an yi makokinsa, an raba gado, kowa ya san matsayinsa. Matar ɓatacce kuwa tana nan tsaka-tsaki, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, yara suna tambaya, ba ta da amsa. Daɗin daɗawa, hukumar Biyetnam ta Arewa ta daɗe tana ƙin ba da cikakken jerin sunayen waɗanda ta kama, ko da yake yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta wajabta haka. Gwamnatin Amurka kuma ta ce wa matan su yi shiru, wai surutu zai ɓata al'amari. Sun yi shiru shekaru, ba su ga amfaninsa ba. Cikinsu akwai Sybil Stockdale, wadda aka harbo jirgin mijinta James Stockdale a watan Satumba 1965. Ita ta tara 'yan'uwanta mata, har abin ya zama babbar ƙungiyar iyalan fursunoni da ɓatattu a shekarar 1970.

A wannan shekara ce munduwa ta fito. Waɗansu 'yan mata biyu masu karatu a kwaleji a jihar Kalifoniya, Carol Bates da Kay Hunter, sun ga wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai suna Bob Dornan da munduwa wadda ya samo daga mutanen kan duwatsu na Biyetnam. Daga nan suka sami dabara. Ƙungiyarsu, wadda a ke kira VIVA, ta fara sayar da mundaye ran 11 ga Nuwamba 1970, ta farin ƙarfe dala biyu da rabi, ta jan ƙarfe dala uku. Ko wace munduwa suna guda ta ke ɗauke da shi. Kafin ƙungiyar ta rufe a 1976, an raba wajen miliyan 5.

Ran 27 ga Janairu 1973 aka sa hannu a takardar sulhu a birnin Faris. Daga Fabrairu zuwa Afrilu aka sako fursunoni 591, yawancinsu sojojin sama. Mutane suka zauna gaban talabijin suna duba hannunsu, suna sauraron sunaye. Wanda aka kira nasa ya tuɓe munduwa, da yawa suka aika wa mai sunan ta gidan waya. Amma mutum 2,646 ba su komo ba, ba a kuma kawo gawarsu ba. Masu riƙe da sunayen waɗannan su ne suka ci gaba da sa munduwa, su ne kuma a ke yi wa dariya.

Zargi na fari shi ne ba ta da amfani. To, a auna a gani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta yi aikin nemo gawawwakin sojojinta har ƙarshen 1951, sa'an nan ta rufe littafi, alhali sama da mutum 70,000 ba a gano su ba. Yaƙin Koriya ya bar wajen 8,000. Iyayensu sun yi kuka, amma kukan cikin ɗaki ne, hukuma ta wuce abinta. Ɓatattun Biyetnam su ne mafi ƙanƙanta cikin ukun, duk da haka su ne aka kasa rufe musu littafi. Me ya kawo bambanci? Iyalai sun haɗa kai, bayansu kuma ga mutum miliyoyi, ko wane da suna ɗaya a hannu da ƙuri'a ɗaya a aljihu. Ɗan majalisa ya iya kau da kai daga adadi a takarda, amma in wadda ta zaɓe shi ta miƙo hannu ta ce ina labarin wannan, tilas ya nemo abin faɗa.

Abin da wannan naci ya haifar ba boyayye ba ne. A shekarar 1985 aka fara tona wuraren da jirage suka faɗi a Lawos da Biyetnam tare da hukumomin ƙasashen. Aiki ne mai wuya. A kan share daji, a auna fili murabba'i murabba'i, a ɗebi ƙasa a bokiti a tankaɗe, mutanen ƙauye suna taimakawa. Ƙasar wurin mai tsami ce, tana cin ƙashi, sabo da haka wani lokaci ba abin da a ke samu sai haƙori ɗaya, ko maɓalli, ko guntun takalmi. A kan kai abin da aka samu ɗakin bincike a tsibirin Hawayi, a gwada haƙori da takardun likitan haƙora na soja, a gwada ƙwayoyin gado da ke cikin ƙashi da jinin dangin uwa. Ta haka aka gano sama da mutum 1,000 daga 1973 zuwa 2024, aka mai da su ga danginsu, saura sama da 1,500. Har wa yau ofishin da aka kafa a 2015 don wannan aiki an ɗora masa neman ɓatattun Koriya da na Yaƙin Duniya na Biyu. Watau littafin da aka rufe a 1951 an sake buɗe shi, jikokin waɗanda suka yi kuka cikin ɗaki suka ci albarkacin masu munduwa. Wanda ya ce wannan ba amfani ba ne, sai ya faɗi abin da ya ke kira amfani.

Wanda ya ke so ya ga yadda hukuma ta kan mai da suna adadi, ya dubi labarin Laftanan Michael Blassie. Saurayi ne ɗan shekara 24, mutumin birnin St. Louis. An harbo jirginsa kusa da garin An Loc ran 11 ga Mayu 1972. Bayan wata biyar sojojin Biyetnam ta Kudu suka isa wurin, suka samo ƙasusuwa shida da katin shaidarsa. Katin ya ɓace a hanya. Da fari an rubuta cewa ana zaton Blassie ne, daga baya aka soke sunan aka sa lamba, X-26. Ana nan sai aka matsa ana neman gawar da ba a san mai ita ba, domin a binne ta a Kabarin Sojan Da Ba A Sani Ba a maƙabartar Arlington, kamar yadda aka yi wa yaƙe-yaƙen baya. Ran 28 ga Mayu 1984 aka binne X-26 da babban buki, Shugaba Regan da kansa ya tsaya. Mahaifiyar Blassie tana can gida, ba wanda ya gaya mata kome.

Shekara goma bayan haka wani tsohon soja daga cikin masu fafutukar neman ɓatattu ya bi takardu, ya rubuta cewa wanda ke cikin kabarin nan yana da suna. Hukuma ta yi biris. A farkon 1998 wani gidan talabijin ya sake tono maganar, iyali suka tsaya kai da fata. Ran 14 ga Mayu 1998 aka buɗe kabarin, aka gwada ƙashin da jinin mahaifiyarsa da na 'yar'uwarsa, ya tabbata shi ne. A watan Yuli aka binne shi a garinsu, ramin Arlington kuwa aka bar shi wayam. Buki da kaɗe-kaɗe da jawabin shugaba duk sun taru a kan lamba, amma iyali ba su karɓi wannan girma a madadin ɗansu ba. Halin da ya sa suka ƙi, shi ne halin da munduwa ta koya wa mutanen ƙasar.

Zargi na biyu ya fi na fari nauyi, ba kuwa za a yi masa rowa ba. Masu shi sun ce Shugaba Nikson ne ya hura wutar maganar fursunoni daga watan Mayu 1969, domin ya sami hujjar ci gaba da yaƙin da jama'a suka gaji da shi. Ana cewa ba za a janye ba sai an sako fursunoni, alhali ba a sakin fursunan yaƙi sai yaƙi ya ƙare. Cikin shekarun nan sama da sojojin Amurka 20,000 suka ƙara mutuwa, mutanen ƙasar kuwa ba a ma iya ƙidayawa. Sun ce kuma an cakuɗa fursuna da ɓatacce a jeri guda, har mutane suka ɗauka ko wane ɓatacce yana raye a kurkuku, alhali kusan rabin waɗanda ba su komo ba an san sun mutu, gawa ce ba a samu ba.

Daga nan kasuwar ƙarya ta buɗe. Aka yi sinima, irin su Rambo na 1985, ana nuna fursunoni cikin keji a daji suna jiran mai ceto. 'Yan damfara suka riƙa sayar wa iyalai labari, da ƙashin dabba, da hoton bogi. A 1991 wani hoto ya fito na mutum uku, aka ce sojojin sama ne da suka ɓace, danginsu suka rantse sun gane su. Ashe tsohon hoto ne na waɗansu manoman Tarayyar Sobiyet, na shekarar 1923, aka yi masa kwaskwarima. Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin John Kerry, cikinsa har da John McCain wanda shi kansa ya yi sama da shekara biyar a kurkukun Hanoi. A watan Janairu 1993 kwamitin ya ce bai sami ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa akwai wani Ba'amurke a raye a tsare a can.

Ba labarin da ya nuna tsadar wannan dogon jira kamar na Kyaftin Charles Shelton. Jirginsa na ɗaukar hoto ne. An harbo shi a arewacin Lawos ran 29 ga Afrilu 1965, ranar da ya cika shekara 33. Ya diro da laima lafiya, ya yi magana ta rediyo, hadari ya hana a ɗauko shi, 'yan tawayen Lawos suka kama shi. Da aka sako fursunoni a 1973 sunansa ba ya ciki. Sannu a hankali hukuma ta yanke wa sauran ɓatattu hukuncin mutuwa, amma shi kaɗai ta bar shi a littafi a matsayin fursunan yaƙi, domin ya zama alama. Yana ɓace ana yi masa ƙarin girma har ya kai kanar. Matarsa Marian ta yi shekara 25 tana nemansa, ana kawo mata labari iri iri, yau a ce an gan shi, gobe a ce ya mutu. A watan Oktoba 1990 ta hallaka kanta. 'Ya'yansu biyar suka roƙi a rubuta ubansu cikin matattu, aka yi haka a 1994, ba tare da an sami gawarsa ba. Sunan Shelton yana cikin waɗanda aka zana a mundaye. Masu zargi su kan nuna wannan gida su ce, ga abin da munduwarku ta jawo.

Duk wannan ya faru. Amma a duba da kyau a ga wa ke da laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wanda ya tsaga bangon kuwa hukuma ce. Yaƙin Lawos a ɓoye aka yi shi shekara da shekaru, ana ɓoye takardu, ana ba iyalai rabin magana. Mutumin da aka yi wa ƙarya sau ɗaya, in an zo masa da gaskiya daga baya ba lalle ya karɓa ba, ɗan damfara kuwa a nan ya ke cin kasuwarsa. Wanda ya mai da Shelton alama kuma, da alƙalami ya yi shi a ofis. Sake mai da mutum abin lissafi ne, an ɗauke shi daga hannun matarsa an sa shi wakilin mutum dubu biyu.

Sa'an nan a karanta abin da ke jikin munduwar. Suna ne, da muƙami, da rana. Ba ta ce yana raye ba, ba ta ce a ci gaba da yaƙi ba. Alkawarinta ƙofa biyu gare shi, ko mutum ya komo, ko a tabbatar da ƙarshensa. Waɗanda suka toshe ƙofa ta biyu, suka ce ba su karɓar kome sai rayayye, suka riƙa kiran duk wanda ya kawo labarin mutuwa maci amana, su ne suka karya alkawarin, ko da munduwa goma ce a hannunsu. 'Ya'yan Shelton da suka ce a bar ubansu ya huta sun fi su riƙon amana. Wanda ya ce a jefar da munduwa don maƙaryata sun raɓe ta, daidai ya ke da mai cewa a rufe kasuwa don an kama mai algus.

An sake ganin haka bayan Biyetnam. Scott Speicher matuƙin jirgin sojan ruwa ne, an harbo shi a Iraƙi ran 17 ga Janairu 1991, daren farko na yaƙin. Da fari aka rubuta ya mutu, a 2001 aka ce ya ɓace, a 2002 kuwa, sa'ad da a ke shirin sabon yaƙi da Iraƙi, aka ce yana tsare. Ga hannun siyasa nan a fili. Amma da yake ba a daina kiran sunan ba, ba a daina nema ba. A 2009 aka gano ƙasusuwansa cikin hamada, Larabawan daji ne suka binne shi tun sa'ad da jirgin ya faɗi. Nacin da 'yan siyasa suka hau, shi ne dai a ƙarshe ya tono gaskiyar da ta ƙaryata su.

Zargi na uku na kuɗi ne da rai. Ana kashe dukiya mai yawa ko wace shekara a kan haƙori da guntun ƙashi. Ran 7 ga Afrilu 2001 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a lardin Kuwan Bin na Biyetnam da masu wannan aiki, Amurkawa 7 da mutanen Biyetnam 9 suka mutu. Masu zargi suka ce, a kashe rayayye don matacce? Tambaya ce mai zafi, amma tana da amsa. Hukuma ce ta zo ta ɗauki ɗan mutane, ta sa shi a jirgi, ta aike shi. Mai kiwo in ya fita da garken wani, ba ya komowa da yamma ya ce an sami ragi kaɗan, sai ya faɗi wace ce ta ɓace, a ina, ya kuma nuna fata in kura ce ta ci. Ƙasar da ta sami kuɗin sayen jirgi da bom ba ta da bakin cewa kuɗin rariya da shebur sun yi mata yawa. Har ma tsadar tana da amfani, gama shugaban da ya san za a bi shi bashin ko wane suna har shekara hamsin, zai yi tunani kafin ya aika da yaran mutane.

Saura zargi ɗaya, shi ne mafi gaskiya duka. Mutumin da sunansa ke kan munduwa ba ziyara ta kai shi can ba. A kan Lawos kaɗai an zuba bom sama da tan miliyan 2 daga 1964 zuwa 1973. Sojojin Biyetnam da suka ɓace, bisa ƙiyasin da aka daɗe ana yi, sun kai wajen 300,000, watau sama da ɗari a kan ko wane Ba'amurke guda. Amurka kuwa ta hana ciniki da Biyetnam har watan Fabrairu 1994, babbar hujjarta ita ce ba a gama ba ta lissafin ɓatattunta ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen da gidajensu suka ƙone su ne a ka sa su tankaɗe ƙasa suna neman haƙorin wanda ya ƙone su, nasu 'ya'yan kuwa suna kwance a daji ba mai nema.

Wannan rashin adalci ne, ba kuwa mai wanke shi. Amma maganinsa a ƙara sunaye ne, ba a rage ba. Munduwa ba ta yanke hukunci a kan yaƙin ba, shi ya sa masu goyon bayansa da masu zanga-zangar ƙinsa duka suka sa ta. Abin da ta ce kawai shi ne wannan mutum ɗan wani ne, a faɗi inda ya ke. Wanda ya yarda da haka ba shi da hanyar musun tsohuwar Biyetnam mai neman ƙashin ɗanta. Waɗansu tsofaffin sojojin Amurka sun gane haka. Tun cikin shekarun 1990 suka riƙa komawa da taswira da hotuna da wasiƙun da suka kwaso a fagen fama, suna nuna inda suka binne abokan gabansu. An kuma lura da wani abu, bayan an buɗe ciniki, an ƙulla zumunci a 1995, aikin nema gaba ya yi. Ashe takunkumin bai komo da kowa ba, zama tare ne ya komo da su. Mai munduwar da ya ji haushin wannan sulhu bai fahimci abin da ke hannunsa ba.

A birnin Washinton akwai wani dogon bango na baƙin dutse wanda aka buɗe a 1982, an zana masa sunaye sama da 58,000. Kusa da sunan wanda ya mutu akwai 'yar alama mai kusurwa huɗu, kusa da na ɓatacce kuwa alama ce irin ta tarawa a lissafi. In an gano mutum, mai sassaƙa ya kan zo ya mai da alamar tarawa ta zama ta matattu. A gindin bangon nan masu tsaro su kan tsinci mundaye, waɗansu sun goge har sunan ya kusa shafewa. Waɗansu kuma su kan yi tafiyar ɗaruruwan mil zuwa jana'izar mutumin da ba su taɓa gani ba, su miƙa wa 'yarsa ko ƙanwarsa munduwar, su juya. Ga iyalin da suka zaci duniya ta manta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, a ce wani baƙo ya kwana ya tashi da sunan ubansu shekara arba'in.

Sabo da haka a bar mai munduwa da munduwarsa, amma shi ma akwai sharaɗi a kansa. Ya san ko wane ne mai sunan, da inda ya faɗi. Ya riƙa bin labari, kada ta zama kayan ado. Kada ya ba ɗan damfara ko sisi, kada kuma ya yarda ɗan siyasa ya ari hannunsa ya ɗaga don neman sabon yaƙi. Ya tuna da ɓatattun ɗaya gefen. In gaskiya ta zo, ko da haƙori ɗaya ce cikin ƙaramin akwati, ya karɓa, ya tuɓe munduwa ya kai wa masu ita. Alkawari kaya ne, ran da aka isa masauki kuwa sauke shi a ke yi. Wanda nasa bai iso ba tukuna, cikin mutum sama da 1,500 ɗin nan, yana da hujjar ci gaba da tambaya, hukuma kuma wajibi ne ta ci gaba da amsa masa.